Rabin Waya Daga Jirgin Ruwa

Ban taɓa ganin teku ba sai da na yi furfura, amma tun ina saurayi na san ranakun tashi da isowar wasu jiragen ruwa guda uku kamar yadda na san ranakun kasuwa. Aiki ne ya jawo haka. 'Yan shekaru kafin mulkin kai ina akawu a gidan waya na Bauchi, ni ke zama gaban na'urar tangaraho ina sauraron ƙwanƙwasarta, ina mayar da ita rubutu. Jiragen na wani kamfanin Turawa ne, sababbi, an ƙera su bayan yaƙin duniya don maye gurbin waɗanda aka nutsar. Su ke ɗaukar fasinja da wasiƙu tsakanin Ingila da Ikko, wato Legas, tafiyar kusan mako biyu. In ɗaya ya iso, buhunan wasiƙu su hau jirgin ƙasa zuwa Jos, daga nan babbar mota ta ƙaraso mana da su, don lokacin layin dogo bai zo Bauchi ba.

A ɗaya daga cikinsu Yayana ya tafi. Malamin makaranta ne, gwamnati ta tura shi ƙarin karatu na shekara guda, shi da wani abokin aikinsa, Kirista daga kudancin lardinmu, mai mata da 'ya'ya uku a unguwar Fadaman Mada. Wasiƙarsa ta farko ni na karanta wa Inna a tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai. Ya ce jirgin bene ne bisa bene, Turawa a sama, su kuma a ƙasa kusa da injin, bangon ɗakinsu kullum yana rawa. Ƙararrawa ake kaɗawa in abinci ya yi. Alƙibla kuwa sai ya tambayi ma'aikatan jirgin kowace safiya. Kwana uku ya yi yana amai, abokin nan nasa ne ya riƙa kawo masa shayi da busasshen burodi, shi ne kuma mai leƙa masu girki ya tambayo masa abincin da babu naman alade. Inna ta ce, "Allah ya yi wa wannan bawan Allah albarka."

Matar abokin takan zo gidan waya duk ranar da buhuna suka iso. Malam Ƙarami take ce mini, ni kuma in ce mata Uwargida. Da shekara ta zagayo, mazan biyu suka rubuto cewa jirgi ɗaya za su hau su dawo. Tsakiyar damina ce.

Wata Laraba da hantsi hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu. Na'ura ta fara ƙwanƙwasa, na ɗauki fensir. Saƙo ne daga ofishin kamfanin jiragen a Ikko zuwa ga Baturen ilimi na lardi. Suna baƙin cikin sanar da shi cewa kyaftin ɗin jirginsu ya aiko musu labari, ɗaya daga cikin malamai biyu na Bauchi da ke dawowa ya rasu a teku bayan gajeriyar rashin lafiya, an kuma riga an saka shi a ruwa. Mamacin shi ne...

Nan aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Na'ura ta yi shiru.

Na danna, na sake dannawa, na kira Jos ya fi sau ashirin. Babu amsa. Oganmu, wani dattijo mutumin kudu da ya taɓa aiki a tashar jiragen ruwa, ya zo ya tsaya a kaina ya karanta takardar. Ya san Yayana. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Waya ya faɗi a hanya," in ji shi da irin Hausarsa. "Sai an gyara."

"Oga, yaushe?"

"Allah ne ya sani. Ka tuna rantsuwan da ka yi. Abin da ka ji a kujeran nan, ba ka da baki a kai. Ko ga mamanka."

Ya sa rabin saƙon a ambulan ya aika wa Baturen. Baturen kuma ya tashi mota zuwa Jos don a samo sauran, amma kafin la'asar ta dawo, ruwa ya cinye hanya a wani rafi, manyan motoci ma sun yi layi suna jira.

Da na koma gida na tarar Inna ta sa an fito da kayan ɗakin Yaya ana shafe bango da farar ƙasa. Ta zubo mini tuwo, na kai loma biyu na tsame hannu. Ta dube ni.

"Me aka yi maka a wurin aiki?"

"Ba komai, Inna. Kaina ke ciwo."

"Kai na haifa, ba kanka ba," ta ce. Amma ba ta matsa ba.

Rantsuwata ba ta hana komai ba. Akawun Baturen ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani, kafin azahar ɗin Alhamis labari ya gama gari. Wasu suka ce jirgin ne ya nutse gaba ɗaya. Wani maƙwabcinmu har ya shigo yi wa Inna gaisuwa, kawuna ya tare shi a zaure ya kore shi. Da na dawo, Inna na zaune a kan tabarma da carbi. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Da kunnenka ka ji?"

"Da kunnena."

"Ba a faɗi suna ba?"

"Ba a kai ga faɗa ba."

Sai ta ce, "A ruwa. Ba wanka, ba likkafani, ba inda mutum zai je ya tsaya." Wannan ne ya fi cin ta, na lura, kusan fiye da mutuwar kanta.

Muna nan sai aka yi sallama. Uwargida ce, goye da ƙaramin ɗanta, ƙafafunta duk taɓo, a ƙasa ta tako daga Fadaman Mada. Ba su taɓa haɗuwa da Inna ba. Ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta matsa mata a tabarma. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, wannan tana jan carbi, waccan leɓunanta na motsi. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallonsu, na san abin da kowacce ke roƙo, na kuma san ba za a amsa wa ɗaya ba sai an hana ɗaya. Su ma sun sani. Ba wadda ta dubi idon 'yar'uwarta.

Da za ta tafi Uwargida ta ce, "Mama, in naki ne, zan zo in zauna da ke."

Inna ta ce, "In naki ne, 'yata, ni ma zan zo."

Ranar Juma'a masu gyara suka fita da tsani da ƙunshin waya. Ban je masallaci da kowa ba, a sahun ƙarshe na yi salla na dawo da gudu. Uwargida tun safe take zaune ƙarƙashin itacen da ke gaban gidan waya, daidai inda take hango tagata. Oga ya kai mata kujera, ta ƙi. Duk sanda na ɗaga kai sai mu haɗa ido.

Asabar da wajen ƙarfe goma na'ura ta yi ƙwas sau ɗaya. Na ɗauki fensir. Jos ce ke gwada layi. Oga ya ce in tashi ya karɓa da kansa, na ce a'a. Na roƙi a maimaita saƙon Laraba. Akawun can bai san komai ba, ya faro shi tun daga adireshi, a hankali, kalma bayan kalma, gumi na ɗiga daga haɓata yana jiƙa takardar. Ya zo kan sunan. Harafin farko ya ishe ni.

Ba Yayana ba ne.

Hannuna ya ƙarasa rubuta sunan shi kaɗai. Ban yi magana ba, ban yi murmushi ba, na rantse. Amma wani numfashi ya ƙwace mini, kafaɗuna suka sauka, na kuma yi kuskuren duban taga. Tana kallona. Ta miƙe a hankali, ta gyara goyonta, ta tako har jikin taga.

"Malam Ƙarami, ba sai ka faɗa ba. Na gani."

"Uwargida..."

"Je ka gaya wa Mama. Ta kwana biyu ba ta ci abinci ba."

Ta juya. Ta yi taku kamar goma, sai ta zube ƙasa. Oga ne ya fita da gudu ya riƙe yaron. Har yau in na tuna fuskar da na nuna wa matar nan, kunya takan kama ni.

Inna ta yi sujada a tsakar gida, ta tashi ta yi kuka, sannan ta yafa mayafi ta ce in raka ta Fadaman Mada. Kwana bakwai tana zuwa, ita da ba ta taɓa shiga gidan Kirista ba.

Bayan mako guda Yaya ya sauko daga motar Jos da akwatin ƙarfe biyu, ɗaya ba nasa ba. Ya rame, ya yi baƙi. Bai shiga gida ba sai da ya kai akwatin. A gabana ya ba Uwargida labari. Ciwon ciki ne ya kama mijinta kwana huɗu da tasowarsu, likitan jirgi ya yi iya yinsa. Da ya cika, ma'aikata suka ɗinke shi cikin farin tamfol mai kauri. Da sassafe aka tsayar da injin, kyaftin ya yi karatu daga littafinsu, fasinjoji na sama da na ƙasa duk suka fito suka tsaya. Yaya na cikin mutum huɗun da suka riƙe katakon da aka ɗora gawar a kai.

Ya ciro wata takarda daga aljihu, kyaftin ne ya ba shi, lambobi ne a jiki masu nuna daidai wurin da aka sauke shi. Ta karɓa ta daɗe tana dubawa.

"Akwai nisa da ƙasa?"

"Akwai nisa," in ji Yaya.

"Ya yi magana?"

"Ya ce a bar yaran a makaranta."

Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane. Bayan kaka ta koma garinsu da ƙananan biyu. Babban ya zauna a gidanmu, a hannun Yaya, har ya gama firamare.