Larabar da Na Goge

A duk faɗin Damargu, daga Tanut har Belbeji, ba a taɓa yin mutumin da ya tayar da kasuwa guda tsaye da yatsa ɗaya irina ba. Wasu sai sun tara runduna. Ni kuwa ina zaune a Damagaram kan kujera mai juyawa, sanyin na'ura yana shafa mini ƙeya, shayi a gefe, na danna ɗan madanni guda, bayan wata ɗaya mutum dubu suka tashi da sanduna. Matata tana cewa ɗari uku ne. Ba ta wurin.

Shekara sha tara na yi ina koyar da lissafi a kolej kafin zuciya ta raya mini in koma jami'a da yamma, in koyi nazarin bayanai, wato a tara lambobi tuli a cikin na'urar ordinatar a matse su har su faɗi gaskiya. A ƙarshen karatun dole kowa ya yi estaj, wato koyon aiki, na wata uku, aka tura ni wani kamfanin waya. Ranar farko na shiga da furfurata da tumbina, mai gadi ya miƙe ya sara mini, yana zaton sabon darakta ne. Wadda aka ba ta ni a hannu kuwa yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba. Tana ce mini Baba, ina ce mata Madam, kowa yana jin an cuce shi.

Kamfanin yana so ya kwashe kayan wasu antan, dogayen ƙarafan nan masu ba da rezon kiran salula, daga inda ba a amfani da su, ya kai inda jama'a ta yi yawa. Aka ba ni adadin kiran da ya bi ta kowace antan ta Damargu na wata shida, in fito da waɗanda suka mutu. Ba sunan gari, lamba ce kawai.

Akwai wata da ta ba ni haushi. Kwana shida tana kwance kamar gawa, rana guda ta yi tsalle har ta nemi fasa gilashin ordinatar, ta sake kwanciya. An koya mana cewa lambar da ta yi nisa da ƴan'uwanta, sau da yawa kuskuren na'ura ce, a share ta kafin a yi lissafi. Malamin “sau da yawa” ya ce, ni “kullum” na ji. Na bi tsallen nan ɗaya bayan ɗaya na goge su tas, na koma baya na kalli aikina kamar mace ta gama sharar tsakar gida. Madam ta leƙo ta tambaye ni ko na duba waɗanne ranaku ne na goge. Na ce mata ina lissafi tun ba a yaye ta ba. Don an yi mata tarbiyya, ta sa hannu kawai.

Da za a je kwance kayan, na nace sai an je da ni, in ga gawar da na gano da idona. Mu uku ne. Direba dattijo ne ɗan Falanko, yana jin Fillanci da Buzanci. Teknisiyan kuma wani siriri ne marar magana, mai ƴaƴa huɗu, wanda ya yi shekara goma yana hawan ƙarfe. Garin yana arewa da Belbeji, a hanyar Tenhya. Ranar Laraba ce.

Tun da hantsi muka fara cim ma raƙuma da jakuna da amalanke, duk inda muka nufa suka nufa. Direba ya kalle ni, ya ce gara mu fara sauka gidan maigari mu gaisa, mu faɗi abin da ya kawo mu. Na kaɗa masa takardar kamfani mai hatimi biyu, na ce wannan ta fi rawani goma.

Muka tarar da kasuwa ta cika har ta tumbatsa, antan ɗin tana tsakiyarta. A gindinta mutane ne jingim, kowa da salula a kunne. Wani Buzu yana yi wa ɗan'uwansa na Agadas ihun kuɗin raƙumi, wata Bafillatana tana tambayar inda ruwa ya sauka, wani tsoho an riƙe masa waya a kunne yana kuka yana dariya. Mutanen nan kwana shida suna daji da dabbobinsu inda ba rezo, duk maganar da suka tara ta sati a nan suke sauke ta.

Teknisiyan ya tambaye ni a hankali ko na tabbata nan ne. Na nuna masa lambar da ke jikin ƙofar shingen da ya kewaye antan ɗin, ta yi daidai da ta takarda. Ya buɗe, ya shiga, ya kashe wutar akwatin da ke ƙasa, ya ɗaura ɗamararsa ya fara hawa.

Ban taɓa jin kasuwa ta yi shiru ba sai ranar. Kowa ya sauke waya daga kunne, ya kalle ta, ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama. Daga nan idanu suka bi ƙarfen suka hau, suka tarar da mutum da sifana a hannu.

Daga baya na ji abin da ba ya cikin lambobina. Bara wasu sun zo da mota da riguna irin namu, suka kwashe batir da farantan hasken rana, garin ya yi kwana arba'in ba rezo. A cikin kwanakin ɓarayi suka kore garke guda, suka sari mai shi, ya zubar da jini har ya cika, ba hanyar kiran jandarma ko likita.

Dutsen farko gilashin mota ya samu. Na biyu ƙarfen antan, ya yi ƙara kamar ƙararrawar lakol, makarantar boko. Daga nan ban iya ƙirgawa ba. Ba makiyaya kaɗai ba ne, kowa ya taso: mahauci da wuƙarsa tana ɗigar jini, masu gishiri, teloli, mata da muciya. Teknisiyan ya fara saukowa da sauri duwatsu suna bin sa, ɗaya ya same shi a kunne, ya saki. Daga tsayin mutum biyu ya faɗo kan siminti. Na ji ƙarar hannunsa kamar an karya busasshen kara. Bai yi ihu ba. Suka rufa masa.

Na ɗaga takarda sama ina cewa kamfani ne ya aiko mu. Wata sanda mai kan ƙarfe ta sauka a wuyan hannuna, takarda ta tashi, wata akuya ta bi ta. Ta biyu a baki ta same ni. Na ji haƙorina yana yawo a kan harshe kamar ƙwarar masara. Na faɗi, kuma mutum irina idan ya faɗi, faɗi yake ƙarawa, kowa ya samu wurin taka nasa. Takalman roba, takalman fata, ƙafa tsirara, wani har da ƙaurin raƙumi, ko da yake wannan ba zan rantse ba. Yashi ya cika mini hanci. Ina jin iskar tayoyinmu tana fita, wani yana cewa a kawo fetur.

Direba ne ya tsame mu. Ya kwanta a kan teknisiyan da jikinsa, sanduna suna sauka a gadon bayansa, yana magana da harsuna uku a lokaci guda, har maigari ya ratso da liman. Maigari ya warware rawaninsa ya shimfiɗa a kanmu, ya tsaya da kai a buɗe. Sanduna suka tsaya a sama, amma ba su sauka ba.

“In ba ɓarayi ba ne ku,” in ji shi, “ku mayar da abin da kuka ɗauke. Yanzu.”

Wanda ya iya yana kwance, ƙashi ya huda masa fata. Ya kira ni da ido, ya ce, “Malam, akwatin ƙasa. Baƙaƙen makunnai uku ne a jere. Ka ɗaga na hagu, ka ƙirga goma, sannan sauran.”

Na ja ciki na isa. Shekara sha tara ina koyar da lissafi, ranar na kasa tuna abin da ke bin shida. Na ɗaga su. Ba abin da ya faru. Ashe na'urar tana ɗaukar mintoci kafin ta farka, ba wanda ya gaya mini, kuma mahaucin yana tsaye a kaina yana goge wuƙa a cinyarsa. Na karanta duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa. Can sai wata salula ta yi kuka a aljihun wani, wata ta amsa, kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Da wannan rezon aka kira motar likita daga Belbeji.

A gadon likita na sake rahoton da hannun hagu, na mayar da kowace Laraba wurinta. Da aka haɗa su, antan ɗin ta fi wasu na cikin birni aiki. Madam ta zo da kanta ta karɓa, ta yi mini sannu, ba ta ce ta faɗa ba, wanda ya fi zagi ciwo. Antan tana nan har yau. Hannun teknisiyan bai miƙe ba, ya daina hawa, yana biro, wato ofis, yana raba kaya. In mun haɗu shi yake fara gaishe ni.

Kwananmu na uku a gadon likita maigari ya aiko dattawa su duba mu, da cuku da rago. Sun tarar da ni ina ba ƴan ɗakinmu labari, cewa jama'a sun bar kowa sun nufo ni ne don da ganina sun san ni ne ƙwaƙwalwar tafiyar, ni na rubuta takardar da ta girgiza ƙasa. A cikinsu akwai wani tsohon makiyayi, na gane sandarsa mai kan ƙarfe kafin in gane fuskarsa. Ya saurara har na kai aya, ya juya wurin direba ya tambaye shi da Fillanci ko gaskiya ne. Direba ya gyaɗa kai. Tsohon ya juyo gare ni.

“Wallahi, Malam, ba mu sani ba,” ya ce. “Mun ɗauka wani ne suka rage wa hanya. Kai dai ka tare mana wuri ne. Da mun san kai ne, da ba likita za a kawo ka ba.”