Babban Injin da Maigidana Ya Zaɓa

Kafin inji ya shigo gidanmu, aikin maigidana hawa itace ne. A ƙauyenmu, can tsakanin Roni da Gwiwa, duk wanda darbejiya ta rufe wa ɗaki har ya fara tsoron iskar farkon damina, shi yake aika wa. Kayan aikinsa igiya ce da barandami, wato gatarin nan mai faɗin baki da ake sare rassa da shi. Ba ya kayar da itace daga gindi. Rage mata kaya yake yi, baɗi ta sake tofowa, a sake kiransa. Rassan ya faskara su, in ɗebi na girki, sauran ya kai wa masu tsire da masu shayi na Roni a amalanke. Ni kuwa daddawa nake yi tun ina amarya.

Da rani, lokacin da gawo ke da ganye alhali ko'ina ya bushe, yakan hau ya saro wa shanun wani dattijon Bafillace da rugarsu ke bayan gari. Abokantakarsu ta girmi aurenmu. Shi yana sama yana sara, dattijon yana ƙasa yana kore shanu kada reshe ya faɗo musu, suna ta tsokanar juna.

Da shekaru suka fara ja, kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo. In ya yini yana sara, washegari ko buta sai da hannun hagu. Shi ya sa ya sayar da ɗan bijimin da muka yi kiwo, ya tafi Kazaure wurin wani mai gyaran injinan ban-ruwa da ke kawo injin yankan itace daga Kano. Mutumin ya san shi, sai ya ba shi guda biyu ya zo gida da su ya gwada, ya mayar da wanda bai yi masa ba.

Na tuna yadda aka shimfiɗa su a kan tabarma a tsakar gida. Ƙaramin, bakinsa da sarƙa ke zagayawa bai wuce kamu ɗaya ba, har ni na ɗaga shi da hannu guda. Babban kuwa, da aka tsayar da shi, bakinsa ya kai ƙugun maigida. Na kama shi da hannu biyu, da ƙyar na raba shi da ƙasa.

“Wanne kika gani?” ya ce da ni.

Na ce, “Malam, aikinka a sama yake. Wannan ƙaton, wa zai hau maka da shi?”

Ya yi dariya. “Igiya mana. Kin ga, babban zai yi aikin ƙarami. Ƙaramin kuwa, ranar da aka kira ni kan ƙatuwar itace, sai in tsaya ina kallo. Ba kullum mutum ke sayen inji ba.”

Ya ce shi ma mai gyaran ya tambaye shi kaurin itacen da ya fi yankawa, ya nuna masa cinyarsa, mutumin ya ce to ƙaramin ya ishe shi. Dattijon rugar ya zo ganin kayan da la'asar, ya zagaya babban yana girgiza kai, ya ce, “Aboki, wannan ai na masu katako ne. Kai da rassa kake hulɗa.” Maigida ya saurari kowa, ya gode wa kowa, washegari ya ɗaure ƙaramin a bayan babur ya mayar. Ba girman kai ba ne, ban taɓa saninsa da shi ba. Mutum ne da ya girma cikin rashi, ya saba in zai sayi abu ya sayi wanda ba zai gaza ba.

A makon farko ya hau gawon nan na bakin ruga, aka ɗaura injin a igiya ya jawo shi sama. Ni ban je ba, shi ya ba ni labari daga baya. Sama babu wurin da mutum zai kafa ƙafa biyu ya riƙe abu mai nauyi haka da hannu biyu. Yana cikin yanka sai kan bakin ya taɓa wani reshe na baya, injin ya yi tsalle ya dawo masa. Allah ya kiyaye, rigarsa kawai sarƙar ta kama ta yage daga kafaɗa. Ya saki injin yana lilo a igiya, ya rungume reshe, ya daɗe bai iya saukowa ba. Da ya shigo gida ya miƙo mini rigar. Tun daga ranar bai ƙara hawa da shi ba.

Ya koma Kazaure ko za a musanya masa, ya tarar an sayar da ƙaramin. Sai aikin ya bi injin. Abin da babban inji ya iya shi ne kayar da itace daga gindi, kuma a nan kam ba shi da na biyu. Ga shi da shan mai, ba ya yiwuwa a tayar da shi don reshe biyu. Tsofaffin matan da suka saba aiko masa kan darbejiyar tsakar gida, sai ya riƙa ba su haƙuri. Masu kiransa suka canza, suka zama masu gawayi da masu gidajen burodi, da masu gonakin da ke son a sarar musu itace su sayar. Har wajen Yankwashi da Babura ake zuwa ɗaukarsa. Ba zan ɓoye ba, gidanmu ya ga sauƙi a shekarun nan, a lokacin muka rufa kwano. Amma dattijon rugar ya zo sau biyu da rani yana neman a saro masa gawo bai same shi ba, daga nan bai sake tambaya ba.

Akwai gona a yamma da gari mai manyan ɗorawoyi, ta wani tsoho ce da ya bar mata su riƙa tsinka suna ba shi rabonsa. A nan nake samun kalwar daddawata. Da ya rasu, magada suka kasa daidaitawa kan itatuwan, suka yanke a sayar a raba. Maigida suka kira.

Na same shi yana wasa haƙoran sarƙa da magagari. Na ce, “Malam, har da ɗorawar?”

Bai ɗago ba. “In ban yanka ba, gobe wani zai zo daga Kazaure ya yanka.”

“Na sani. Amma da dai ba hannunka ba.”

Ya ci gaba da wasa sarƙarsa. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san gaskiya ce, sai dai ba ta yi mini amfanin komai ba. Daga tsakar gida ina jin kukan injin tun hantsi, in ya yi shiru sai in ji ƙasa ta amsa. Kafin la'asar an gama. Da ya dawo na kai masa tuwo, ya buɗe ya ji ƙamshin daddawa a miyar, ya mayar da murfin. Can ya ce, “Ta tsakiyar nan, ina yaro a kanta na koyi hawa.”

Bayan wannan ya yi wasu shekaru yana aikin, amma jikin yana ta karɓa. Nauyin ya gama da bayansa, hannayensa suka riƙa rawa ko kofin shayi ya riƙe. A ƙarshe ya sayar wa wani mutumin Babura injin. Ya ɗauko barandami ya wasa, ya je gindin darbejiyar maƙwabta, ya dafa ta, ya duba sama, ya dawo gida. Sau ɗaya tak na ji ya ce da ƙaramin ya ɗauka, da wataƙila har yau yana hawa. Ban ce ai na faɗa ba. Kalwa yanzu a kasuwar Kazaure nake saye, wadda ake kawowa daga kudu, su dattijon rugar kuma sun yi ƙaura da shanunsu, sai dai saƙon gaisuwa.

Abin da ya fi yi mini ciwo kunnensa ne. Kukan injin ya tafi da jinsa, na hagu gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Da, in yara sun fita, mukan zauna bakin murhu muna hira a hankali, maganar 'ya'ya, maganar dangi, abin da ba a so kowa ya ji. Yanzu in zan ce masa abinci ya sauka, sai maƙwabta sun sani. Akwai maganganun da ba a faɗarsu da ƙarfi, sai in haɗiye su. Shi kuma ya dubi bakina yana murmushi, ya gyaɗa kai, ko ya ji ko bai ji ba.