Lilon Mato Mai Kiɗan Gayya

Duk wanda ya tashi a Kibiya ya san lilon Mato. Da Salla ake kafa shi a filin bayan kasuwa, kujerun ƙarfe suna zagaya wani turke, yara suna ta shewa. Amma kiɗansa ne abin al'ajabi. A gindin turken akwai guntun icen kirya da aka jera wa ƙusoshi. In lilo ya juya icen ya juya, ƙusoshin su riƙa ɗaga wasu ƴan sanduna suna saki a kan fatar ganga. Ba makaɗi, ba rediyo, sai dai ka ji kiɗan gayya yana tashi. Har gobe akwai tsofaffin da ke yin a'uziyya in sun zo wucewa.

Mato mai gyaran keke ne, mutumin Fammar. Mahaifinsa Ɗanmalam makaɗin manoma ne, shi ke bin masu gayya da ganga. Mato bai gaji hannun ba, in ya buga ganga har awaki watsewa suke yi. Kunnen ya gada. Da tsohon ya rasu kiɗan ya hana shi sakat, ya zauna da guduma yana kafa ƙusa yana cirewa, shekara da shekaru, har ice ya iya abin da hannunsa ya kasa.

Da kafaɗarsa yake tura lilon, ba ya ba kowa. To, girma ya zo, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. In kuwa lilo ya tsaya kiɗan ya tafi ke nan, don babu mai buga shi a raye. Wannan ya tsaya wa Mato a rai ƙwarai.

Ɗansa Tajuddeen, mai haɗa sola a Rano, ya kawo ƙaramin inji ya ɗaura. Da aka kunna sai kiɗan ya fito a guje kamar injin markaɗe. Aka rage gudu, ya koma kamar mai jin barci.

"Baba, mu ɗauka a waya mu sa a lasifika," in ji Tajuddeen. "Icen a kai shi ɗaki ya huta."

"Abin da aka kai ɗaki gara ce magajiyarsa."

"To wane gudu ne daidai?"

Kafaɗar Mato ce ta san gudun, bakinsa bai sani ba. Can ya ce, "Kiɗan nan garma yake bi. A kira min masu garma."

Aka tattaro tsofaffin Fammar da suka yi gayya a zamanin Ɗanmalam, wani ba haƙori, wani sai da aka ɗauko shi a babur. Suka jeru a gefen fili suka duƙa, suka kama huɗa yadda jikinsu ya saba. Tajuddeen yana kallon garemaninsu yana murɗa abin rage gudu a hankali, har bugun ganga ya faɗa daidai da saran ƙasa. Wallahi sai ga tsofaffin nan sun ƙara wuta, wani har da kirari. Ƴan kallon da ke yi musu dariya suka daina.

Mato ya ja sandarsa ya koma nesa, gindin wata ɗorawa. Tun da ya ƙera abin nan bai taɓa jin sa ba sai daga ƙarƙashi, cikin ƙarar ƙarfe da hakin kansa. Yau ga shi yana tahowa ta saman gonaki.

Wata tsohuwa ɗauke da itace ta tsaya cak, ta kasa kunne.

"Ikon Allah! Malam, ashe Ɗanmalam ya bar magaji?"

Mato ya share ido da hannun riga.

"Ya bari, Iya."