Littafin da Na Kulle a Akwati

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Dakta Sanusi, a hatsarin mota kan hanyar Shagari. Malamin jami'a ne mai bincike kan hukuncin kotuna da halin da iyalan fursunoni ke shiga. Abokan aikinsa sun yabe shi a takarda. Ni laifina na zo faɗa.

Namiji ba ya shiga gidan matan aure, don haka ni yake turawa da rikoda, shi ya tsaya a zaure. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. A wani gida bayan garin Dandin Mahe, Inna Hajo ta riƙe mini hannu a kan ɗanta da aka kama da zargin satar shanu. Ta ce, "Ɗiyata, shekara nawa anka yanke mai? Mu dai mu sani, mu riƙa lissahi." Matar ɗan nata, Balki, tana gefe tana sussuka, ba ta ɗago ba. Sanusi ya yi alkawarin bincikowa.

Da ya rasu, malamai biyu daga jami'arsu suka zo har gidana a Bodinga neman littafinsa na aiki. Na kore su. Na ce so suke su ci guminsa su ƙara muƙami. Na kulle littafin a akwati, ina ganin amana na riƙe.

Sai da na kai arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shekara shida bayan mutuwarsa na buɗe littafin, ina bin baƙi da yatsa. A shafi na ƙarshe ya rubuta: ba a taɓa yanke wa ɗan Inna Hajo hukunci ba, ya rasu yana jiran shari'a, a sanar da su.

Na tafi gidan Inna Hajo washegari. Inna Hajo ta riga ta rasu tana jira. Balki ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ashe tuntuni ni gwauruwa ce." Ranar ta shiga takaba.

Da Sanusi zai dawo yau, zai tarar ana ta taro kan cunkoson gidajen yari. Ba na jin zai zauna a ciki. Zaure zai koma ya tsaya, ya tambayi wa ke jiran wa. Wannan tambayar ce gadonsa, ta fi digirin nauyi.

Na kai wa malaman littafin da kaina. Sun yi godiya. Balki kuwa, in mun haɗu a kasuwa takan gaishe ni da ladabi. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.