Abokiyar Wahala

Jiya a bas ɗin unguwar Camberwell wata mata ta ɓare lemo, sai ƙamshin ya dawo mini da Kawu, yayan mahaifiyata.

Kawu ya yi shekaru yana karanta littattafan wani masanin falsafa Bajamushe mai cewa duniya gidan wahala ce: ka so abu ka sha azaba, ka samu ka gundura. Limaminmu har ya gaji da yi masa faɗa. Shi kuwa tausayi ya tsinta a ciki. Direban bas, likita, maƙwabci, kowa "abokin wahala" yake kiransa.

Ranar da aka shiga tiyata da ɗana, kowa sai ce mini yake, "Ba komai, zai tashi." Kamar in yi ihu. Kawu ya zauna kusa da ni da jiƙaƙƙiyar rigar sanyinsa, ya ɓare lemo a hankali, ya miƙo mini.

"Ci, abokiyar wahala. Ban san abin da zai faru ba, amma ina nan."

Sai a lokacin na iya kuka. Da yaron ya farfaɗo, Kawu ya fi kowa mamaki.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka tarar da daɗin da zai ƙaryata Bajamushen nan naka.