Ranar da Na Kankare Tsamiya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ranar da na kankare tsamiyar gidanmu ba za ta fita daga raina ba.

Atamfa da shadda nake sayarwa a kasuwar Gamboru, kuma duk mai wannan sana'a ya san asu ba abokin wasa ba ne. A shekarar, 'yata ta fari tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙwari. Da damina ta gano wani ɗan ƙwaro mai fiffike, ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi, a jikin tsamiyar bakin rijiyarmu a unguwar Fezzan. Ta kira ni, bakinta har kunne.

"Mama, malaminmu ya ce bai taɓa ganin irinsa a garin nan ba. A kansa zan rubuta aikina na kammalawa."

Na ce, "Wannan ai asu ne. Boko dai ya sa kina kiwon ɓarna."

Ta ce, "Wallahi ba ya cin tufa. Gizakarsa gansakukar jikin ɓawon nan take ci, inda ke da inuwa da damshi. In babu ita, babu shi."

Ta nuna mini 'yan gidajen da gizakar ta saƙa. Jira take su fashe, ta tabbatar da ko wane iri ne. Na ce to, amma to ɗin na baki ne kawai.

Sai ta tafi Konduga ta'aziyya, kwana uku. Washegari na tarar da huji a wata shadda mai tsada. Ban tsaya bincike ba, ni da zuciya kamar fetur. Na ɗauko burushin ƙarfe na goge ɓawon tsamiyar tas, na fesa fiya-fiya, na shafe gindin da farar ƙasa. Har ina yaba wa kaina, wai na yi tsafta.

Da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi rijiya. Ta daɗe tana shafa itacen. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mama, ai na faɗa miki."

Bayan kwana biyu na ga kashin ɓera a cikin kayan, ashe shi ya huda shaddar. Kunya ta hana ni faɗa.

Ta zaga tsamiyoyin unguwa, ba ta sake samun ƙwaron ba. Dole ta sauya aiki, abokan karatunta suka fita suka bar ta. Yanzu in na tambaye ta aikinta, sai ta ce, "Lafiya lau, Mama," ta ja bakinta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na koyi cewa haihuwar mutum ba ta sa ka fi shi sanin komai. In ɗanka ya ce ya sani, tsaya ka ji shi kafin hannunka ya riga hankalinka.