Jan Ƙwan Kaka Saraya

Duk wanda ya san Kaka Saraya a garin Landover na jihar Maryland, can ƙasar Turawa, ya san bikin Ista a wurinta ba Lahadi ɗaya ba ce. "Kwana hamsin ne cur," in ji ta, "Fada ma ya faɗa a coci lokacin Misa." To, kwanakin nan hamsin kullum sai ta dafa ƙwai cikin ruwan zoɓo, ya fito jawur kamar idon mashayi, ta jefa a kwanon da nake tafiya da shi makaranta, da wake da zogale. Kajin Maryland kaf, da sun ji sunanta sai su watse!

Wata Ista Kawu Bitrus ya kawo mini zomon cakulan. Kaka ta karɓa, ta juya shi sama da ƙasa.

"Bitrus, zomo ne ya tashi daga matattu?"

"A'a Mama, al'adar ƙasar nan ce kawai."

"To, masu al'adar su zo su ɗauki abinsu."

Ta ɗora shi saman firiji. Har Kirsimeti zomon nan yana can yana kallonmu, muna kallonsa.

Ina aji bakwai malamar lissafi ta aiko da takarda gida: wai barci nake yi bayan abincin rana, in kuma na faɗi jarrabawar ƙarshe sai in zauna karatu a makaranta lokacin hutu. Ke nan tafiyar Jos da aka yi shekara ana shiryawa ta wuce ni. Kaka ta yi mamaki, don a ganinta kan da ke shan zogale ba ya barci. "Soyayyen dankali ne ke lalata yara," ta ce. "Kai ya cika da mai, komai aka zuba sai ya zame."

Abin da ba ta sani ba, ni ko sau ɗaya ban ci ƙwan nan ba. Musaya muke yi da ƙawata Hadiza, 'yar mutanen Maraɗi da ke bene na uku a gininmu: ta ba ni soyayyen dankali da burodin fiza, in miƙa mata kwanona.

Sai ga uwar Hadiza ranar Asabar, har da 'yar a gefe.

"Mama, sannu da ƙoƙari! Yarinyar nan ta zama ta ɗaya a ajinsu, wai jan ƙwanki ne. Don Allah yaya ake dafa shi?"

Kaka ta juyo a hankali. "Rahila, nuna mini yatsunki."

Nawa fes! Na Hadiza kuwa kamar ta sha lalle.

"Kai! Ashe ƙwaƙwalwar Maraɗi nake kiwo!"

Ranar Litinin ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta shiga ofishin makarantarmu ta karɓi katin baƙi, ta zauna dab da ni a ɗakin cin abinci. Ta ɓare ƙwai.

"Kaka, kowa fa yana kallo!"

"Su kalla, ido ba ya rubuta jarrabawa. Haɗiye."

Ta miƙa wa Hadiza biyu. "Ke kin san darajarsa."

Mako biyu tana zuwa, har masu gadi suka koyi "ina kwana". Barci kuwa ya gudu, ko don waken ne ko don tsoronta, Allah masani. Na ci jarrabawar, amma da ƙyar, da jan ciki. Na kawo mata takardar ina tsalle. Ta sa tabarau ta duba.

"Aikin mako biyu ke nan. Da tun farko kika ci, da yanzu ke ce shugabar makarantar."

Mun je Jos tare. Ta riƙe hannuna ta nuna mini ƙaramin cocin da aka yi mata baftisma. Ashe ganinta na ƙarshe ke nan da gida.

Ya Ubangiji, ka karɓi Kaka a wurinka, ka ba ta hutu, don mun gajiyar da ita sosai. Amin.